Kwakwar Yaya Sakiusa

Matanivai,
Fiji.

Zuwa ga ƙanina Nemani,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Unaisi da abin da take ɗauke da shi. Allah ya sauke ta lafiya, ya ba ka ƙarfin tsayuwar da kake yi a mayankar nan taku ta Ostareliya, ya tsare maka yatsunka daga wuƙaƙensu. Mu ma nan muna lafiya gwargwadon hali. Gwaggo Makelesi ƙafa ce kawai ke damunta, bakin kuwa lafiyarsa lau. An gama rufin makaranta, yara sun bar tanti. Rogon da muka dasa a kan tudu ya yi kyau, gwaza ce har yanzu take mana gardama, gonakin bakin teku kuwa gishiri bai sake su ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni, ni da ko saƙon waya sai an yi da gaske nake mayarwa. Waisake ɗan Gwaggo ne zai koma wajenku aiki, shi ya sa na ba shi ya kawo maka hannu da hannu. Maganar ba ta waya ba ce. Kwanakin nan duk lokacin da ka kira ka tambaye ni kwakwar Yaya, sai ka ji layi ya katse, ka yi ta zagin masu waya. Ka daina zaginsu, ni ce nake kashewa. Nemani, an sare kwakwar Yaya Sakiusa. Ka sami wuri ka zauna ka karanta a hankali, domin bayan labarin akwai saƙon Baba, kuma Baba ba shi da sauran lokaci mai yawa.

Ka fi ni sanin bishiyar, tunda kai ka fi kowa hawanta kana shan dukan marigayiya Inna. Kwakwa uku a jere a bayan tsohon gida, kowacce da cibiyar ɗayanmu a gindinta, yadda Baba ya binne su da hannunsa. Ranar guguwa tawa da taka ne suka fara faɗuwa. Yaya ya goyo Gwaggo ya kai ta coci, ya juya zai ɗauko makahon nan na ƙarshen gari, sai teku ta shigo. Mun nema har muka gaji, ko zanensa ba mu samu ba. Da iska ta lafa duk bakin tekun nan an aske shi tas, amma kwakwar Yaya tana tsaye, ta ɗan sunkuya kawai. Tun ranar Baba yake cewa ku biyu kuna da rai shi ya sa aka karɓi naku, Sakiusa kuwa tasa aka bar mini a madadinsa. Ba mu da kabarin da za mu cire wa ciyawa, sai ita ta zame mana kabarin. Baba ya tattara gutsattsarin kwano ya kafa 'yar bukka a gindinta, can yake kwana can yake tashi.

Ni kuwa ka san yadda na zo. Na bar wa maƙwabciyata teburin kayan miya a kasuwar Suva, na ce mata mako biyu zan yi in taimaka in dawo. Ga shi ana neman shekara biyu, na ji ma wai har ta sake wa teburin fenti. Da farko garin nan cike yake da baƙi, masu shinkafa, masu tampol, masu ɗaukar hoto da za su ce ka tsaya a gaban rusasshen gidanka kuma kada ka yi murmushi. Ba a jima ba duk suka watse, aka bar mu da aikin da ba ya shiga talabijin. Gari ya yanke shawarar komawa kan tudu, tunda teku kullum ƙara matsowa take yi. To komawa a baki ba wuya. Kowane fallen kwano da ka ake hawa da shi, kowace tsohuwar ƙusa sai an zare ta an miƙar da ita a kan dutse. Ni ce mai dafa wa 'yan gayya rogo, ni ce mai raba faɗa in an zo kan gidan wa za a fara rufawa, ni ce tafinta in baƙi sun zo. Ba mai biyana, ban kuma nema ba. Hannuwana sun yi kanta har Gwaggo ta ce in na shafa kan jariri sai ya yi sanƙo. Wani lokaci ina tsaka da ɗibar yashi sai in ji hawaye na zuba ba tare da na tuna komai ba, in share in ci gaba.

Duk wannan bai gajiyar da ni ba kamar yadda Baba ya gajiyar da ni. Gida bayan gida mutane suna hawa tudu, tsohon gari ya zama kango, shi kaɗai ya rage a ƙasa. Mun kafa masa harsashi a wuri mafi kyau, kusa da sabuwar coci, ya ƙi ko zuwa gani. Na roƙe shi, na yi masa kuka, na tura masa fasto, na tura masa mai gari. Kowa ya je sai ya shimfiɗa masa tabarma, ya saurare shi har ƙarshe, ya yi masa godiya, shi ke nan. Ran da teku ta cika har ta shiga bukkar ta jiƙa masa shimfiɗa, na daka masa tsawar da 'ya ba ta yi wa uba, na ce itace ne fa Baba, itace! Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “Torika, in ya dawo ya tarar ba kowa a gida fa?” Ba zan ɓoye maka ba, na tsani bishiyar nan. Watannin guguwa na ƙaratowa, ni kuma ina ganin teku ta ci mini wa, ga itace zai miƙa mata ubana.

Ana cikin haka 'yan sa-kan nan na wata coci daga ƙasar da kake suka dawo. Babbansu wani tsohon kafinta ne mai suna Darrell, ya yi ritaya, kowane rani da kuɗin aljihunsa yake zuwa. Ina so ka san wannan kafin ka ji sauran, mutumin kirki ne. Rufin makaranta shi ya buga, rana ta gasa masa wuya ya yi jawur kamar dafaffiyar ƙaguwa, bai taɓa cewa wash ba. A harshenmu kalma ɗaya tak ya iya, ta godiya, vinaka. An ba shi abinci vinaka, an taka masa ƙafa vinaka, kare ya yi masa haushi vinaka. Gwaggo ta raɗa masa suna Baba Vinaka, in ya zo wucewa sai ta ce, “Kai Baba Vinaka, duk rogonmu da ka cinye bakin naka bai ƙaru da ko kalma ɗaya ba? Wallahi aku ya fi ka kai!” Shi kuma ya washe baki ya ce mata vinaka, wuri ya ɗauki dariya. Da suka iso wannan karon sun kawo saiwar kava, wadda ake dakawa a jiƙa a sha wajen karɓar baƙi, kamar yadda aka saba, kuma da yake Baba ne dattijon da ya rage mana, har bukkarsa aka sauka. Shi ya ɗora hannu a kai ya karɓa, ya ce musu daga yau ku ba baƙi ba ne, ƙasarmu ƙasarku ce, abin da ke cikinta naku ne. Ni na fassara musu, suka tafa aka sha aka tashi.

Katako ya yi mana ƙaranci, jirgin kaya sai ya ga dama yake zuwa, sai aka koma sare kwakwar da guguwa ta fille wa kai ana tsaga su azara da ginshiƙi. Gidan Baba ne ya rage, ana neman dogon itace guda mai ƙwari na tsakiya. Ran nan jirgin ya iso da kwano ya tsaya can bayan duwatsun teku, dole a sauke kafin ruwa ya janye. Duk mai ƙarfi a garin ya tafi, har da ni. Darrell da abokan aikinsa biyu suka sauka tsohon gari da zarton inji suna duba ko akwai abin da ya saura. Shi ya ba ni labarin daga baya. Ya ce ya ga bishiya ta sunkuyo daidai kan bukkar tsoho, teku ta tone rabin saiwarta, iska kaɗan ta isa ta sa ta danne shi yana barci. Ya durƙusa gaban Baba yadda muka koya masa, ya nuna bishiyar, ya nuna zarto, ya nuna tudu, ya haɗa hannuwa ya yi siffar rufin ɗaki, sannan ya nuna Baba. Baba ya sunkuyar da kai, ya ɗan ɗaga tafin hannu, ya ce vinaka.

Nemani, ko yaron goye a garin nan ya san wannan vinakar. Ita ce wadda kake yi in an miƙo maka ƙarin abinci alhali ka ƙoshi, ita ce wadda Baba ya yi wa fasto da mai gari. Na gode, a bar shi. Mu ba ma kallon idon baƙo mu ce masa a'a, ba a haka aka raine mu ba. Amma Darrell ma'ana ɗaya ya sani, madalla, a yi. Har murna ya yi, yana ganin shi ne ya shawo kan tsohon da ya gagari kowa. Ya kama hannun Baba ya matsar da shi gefe, ya shimfiɗa masa tabarmarsa a inda ba abin da zai same shi, suka ɗaura igiya suka ta da inji. Na tambayi Baba daga baya, na ce me ya hana ka tashi ka riƙe masa hannu, ka yi ihu, ka rungume ta? Ya ce, “Da wane bakin? Bakin da ya ce musu abin da ke ƙasar nan nasu ne?” Yana zaune a kan tabarmar nan yana kallo har ta faɗi.

Muna cikin kwale-kwale da kwano muka ji ƙarar inji, ban kawo komai a raina ba, kullum ana jin ta. Sai da muka zagayo na ɗaga ido inda na saba ganin ta tun ina yarinya, na ga sarari. Na dira cikin ruwa tun kafin mu kai gaci. Abin da na tarar shi nake gani har yau in na rufe ido. Bishiyar tana kwance a kan yashi, Turawan uku suna zaune a kanta sun jiƙe da gumi, Baba kuwa yana durƙushe da addarsa yana fafe musu ɗanyar kwakwa daga kanta, yana miƙa musu da hannu biyu. Sun yi aiki a rana, sun ji ƙishi, kuma a ƙofarsa suke. Darrell ya hango ni ya ɗaga tasa sama yana dariya, wai albishirina, babana ya yarda. Ni da nake tafinta, ranar harsunan biyu duka suka ɓace mini. Zama na yi a cikin ruwan na ɗora hannu a ka na kurma ihu ina kiran sunan Yaya, kukan da ban samu na yi ba tun ranar da ya ɓace.

Gwaggo ce ta sauko da sandarta, ita da ko coci sai an riƙe ta take zuwa. Ta tsaya a kan Darrell tana zazzaga masa da harshenmu, tana cewa, “Ɗana ka yanka, ɗan da ya goya ni ya kai ni tsira! Ka kuma zauna a kansa kana shan ruwansa!” Bai ji ko kalma ba, amma ya ga fuskarta. Da na iya buɗe baki na fassara masa, kwakwar ta suɓuce daga hannunsa. Ban taɓa ganin babban mutum ya narke haka ba. Ya ce zai tattara kayansa ya koma ƙasarsu, mai gari ya ce masa a nan in ka yi ɓarna ba guduwa ake yi ba, zuwa ake yi a nemi gafara a binne laifin. Aka nemo masa saiwar kava, ya shiga gaban Baba da rarrafe, mai gari yana magana a madadinsa, shi kuwa ba abin da yake yi sai kuka. Baba ya tafa hannu ya karɓa. Ya ce baƙona bai yi laifi ba, tambayata ya yi na ba shi amsa, kunnensa ne ba na nan ba. Na so a ce ina da wanda zan tsana, Nemani, da na sami sauƙi. Na duba na duba ban samu ba. Tun daga ranar ba wanda ya sake kiransa Baba Vinaka, shi ma kalmar ta fita daga bakinsa, in an ba shi abinci sai dai ya sunkuyar da kai.

Ni na ce a tura gungumen teku ya bi mai shi, ba na son ganinsa. Baba ya ce teku ta ci rabonta, ba za a ƙara mata ba, a hau da shi tudu a yi abin da aka sare shi dominsa. Maza suka ɗauka a kafaɗa, ba waƙa ba tsokana, ba kamar yadda muke gayya ba. Kowa ya gane jana'iza ce. Mata suka biyo baya, fasto ya yi addu'a ba tare da an ce ya yi ba. Darrell ya fere shi da hannu, bai yarda ya sake sa masa inji ba, ya kafa shi a tsakiyar gidan. Ran da aka buga kwanon ƙarshe Baba ya naɗe tabarmarsa ya hau tudu da ƙafarsa, ba wanda ya roƙe shi. Abin da na yi ta nema ke nan tun zuwana, na samu, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Gidan ya yi kyau, ba ya yoyo, an ɗaure shi da ƙarfe ta ko'ina, wai ko guguwar da ta fi waccan ba za ta ɗaga shi ba. Amma mutumin da muka sa a ciki ba shi ne wanda ka sani ba. Can ƙasa yana da abin yi, ya share gindin bishiya, ya tsince ganye, ya yi faɗa da ƙaguwa, ya zuba wa teku ido yana jira. Yanzu ya daina jira. Wuni yake yi a zaune ya jingina bayansa da ginshiƙin, wani lokaci in ji yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana ba shi labarin wadda ta haihu da wanda ya rasu. Na dafa masa kifi da madarar kwakwa yadda Inna take yi, ya kai loma ɗaya biyu ya ture kwanon. Zanensa yanzu sai ya ninka shi yake kama masa ƙugu. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta auna shi ta ce ba ta ga ciwo ba, na ce mata ai ba za ki gani ba. Ta bar masa maganin ƙarin jini, yana nan a kan taga bai taɓa ba.

Abu ɗaya ne ya sa na ɗauki biro. Ashe ranar da aka sare bishiyar, cikin busassun kwakwar da suka zubo Baba ya ɓoye guda a cikin tabarmarsa. Ya ajiye ta a inuwa yana yayyafa mata ruwa ba wanda ya sani, sai ga shi ta tsaga ta fito da tsiro. Ya kuma sa na raka shi tsohon gari, ya tona gindin kututturen da hannu yana neman cibiyar Yaya. Bayan shekara arba'in me za a samu? Yashi ne kawai. Ya cika ƙoƙon kwakwa da yashin, ya rufe da ganye, muka hawo da shi. Ran da na gaya masa Unaisi ta kusa, ranar ce na fara ganin ya miƙe da kansa ya nemi dagi. Ya haƙa rami a gefen gidan, wajen da ya fi ko'ina tudu, ya hana kowa taya shi, yana yi yana hutawa har ya gama. Ya rufe da guntun kwano ya danne da dutse. Kowace safiya sai ya je ya buɗe, ya kwashe abin da ya faɗa ciki, ya mayar da murfin.

To ga saƙonsa, yadda ya faɗa nake rubuta maka. Ya ce in an sauka lafiya, cibiya ta bushe ta faɗi, kada ku bari a share ta da shara, don ya ji a can ba su san darajarta ba. Unaisi ta naɗe ta a tsumma mai tsabta ta adana. Za a binne ta da yashin Yaya, a dasa tsiron a kai, wannan karon a inda teku ba ta kaiwa. Na ce to sai su ba wani mai zuwa, ko su sa a ambulan. Ya kalle ni ya ce cibiya ba ta tafiya a jakar wani, uban yaro ne ke kawo ta. Na san abin da ya hana ka zuwa tun guguwar nan. Ba aiki ba ne, ba kuma kuɗin jirgi ba ne. Ba ka son ka sauko daga kwale-kwale ka ga ba Yaya a gaci yana yi maka tsiya wai abincin Turawa ya ajiye maka tumbi. Ban taɓa ganin laifinka ba, rabin kwanon da ke kanmu ma da guminka aka saye shi. Amma kwano ya isa haka, ƙanina, yanzu kai muke nema, ko na mako ɗaya ne ka roƙi hutu.

Ka gaida Unaisi da kyau, ka ce ta rage tsayuwa ta bar maka wanke-wanke, ba abin da zai rage ka. Ka ba Waisake abinci in ya iso, ka san ba zai tambaya ba. Gwaggo Makelesi tana gaishe ku, ta ce in mace ce sunanta za a sa ko ta tafi kabari da fushinku, in namiji ne kuwa kowa ya san sunan ba sai an faɗa ba. Litia matar Yaya da yaranta suna gaisuwa daga wajen iyayenta, haka fasto da mai gari. Darrell ya koma, ya roƙe ni lambarka yana so ya ba ka haƙuri da bakinsa, ban ba shi ba sai na ji daga gare ka. Ya ce zai dawo rani mai zuwa, kuma ya sami wata 'yar ƙasarmu a can tana koya masa harshe.

Jiya da safe na raka Baba wajen ramin. Tsiron ya yi tsawo, saiwarsa ta fara neman ƙasa. Da ya durƙusa ya gama kwashe ganyen, sai da na kama shi sannan ya iya miƙewa, kuma jikinsa ba nauyi ko kaɗan. Na ce Baba, in Nemani bai sami hutu ba, ko mu dasa ta haka tun kana da ƙarfi, cibiyar ta biyo baya? Ya sa ƙafa ya gyara dutsen a kan kwanon, ya ɗan ɗaga tafin hannu, ya ce mini vinaka. Ka san wadda yake nufi. Don Allah in ka gama karantawa ka kira ni, ba zan kashe ba, amma kada ka ba ni irinta.

Allah ya haɗa fuskokinmu tun Baba yana da rai.

Yayarka mai jiranka,
Torika